Wa Mai Gyara Ke Yi Wa Aiki?

Kalmar "gyara" tana ɗauke da kaya da yawa. Ita muke faɗa wa mai keke, ita muke roƙo a kasuwa bayan an auna mana gero, ita muke jefa wa wanda ya tare hanya. Amma Bahaushe ya san gyara kan koma ɓarna, shi ya sa yake cewa gyaran gangar Abzinawa. Tambayata: mai gyara, amanar wa ya ɗauka? Ta mai kayan da ke tsaye gabansa kaɗai, ko har da ta wanda zai sake buɗe kayan bayan shekara ashirin?

Wani abokina na Urafan ya gaji tsohuwar jita mai tsirkiya 12 daga kawunsa. Irin wannan jita, tsirkiyoyinta bibbiyu suke, jeri shida. A jeri huɗu masu kauri, kowace tana da siririyar abokiya mai maimaita muryarta a sama, sai ka ji kamar mutum biyu ke kaɗawa. Daɗin yana da farashi: jan tsirkiyoyin kan wuce kilo 100, dare da rana. Da shekaru suka tura, jakin da ke riƙe su ya ɗaga, fuskar katakon ta kumbura, wuya ya lanƙwashe, hunturu kuma ya ƙara mata tsaga.

Wani kafinta a Tasawa ya ce aikin awa guda ne: gam mai kamawa nan take, da ƙusa biyu. Ba ƙarya ya yi ba, za ta yi kiɗa a ranar. Ɗaya hanyar ta masu ƙera jita na da ce: gam da ake dafawa daga fatar dabba. A ɓamɓare jakin a hankali, a kankare tsohon gam, a shafa sabo da ɗuminsa, a matse a bar shi ya kwana. Sannan a sa tsirkiyoyi marasa kauri, a sassauta su ƙasa da yadda aka saba, don katako ya huta. Wannan gam ɗin yana da hali guda: in ya ji zafi da tururi, yana saki. Wato wanda ya shafa shi ya yarda cewa wani zai zo bayansa, wataƙila ma ya fi shi hannu. Gam ɗin awa guda kuwa ba ya saki cikin lalama. Ranar da aka so cire jakin, da naman katako zai fito.

Za ku ce wannan zancen masu hali ne, mu da saitin tsirkiya 12 ma ba a tsintarsa a kasuwar ƙauye. Ai Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ga shi yau duniya na saurarensa. Gaskiya ne, kuma ban raina dabarar talaka ba. Sai dai wayar birki gobe ana kwance ta a sa wata, kamar yadda mai gurmi ke sauya fata in ta fashe, ƙoƙon na nan lafiya. Ni a ganina ba tsada ko gargajiya ke raba gyara da ɓarna ba. Abin dubawa shi ne ko ana iya warware aikin.

Inda nake cijewa shi ne in gam mai saki bai samu ba sam, ga biki ranar Asabar, ga makaɗi da ke ci da jitar nan. To, nan ba zan ce a rataye ta a bango saboda wani magyarin da ba a haifa ba tukuna. A liƙa. Amma kafin kafinta ya matsa bututun gam, ya dubi mai kaya ya ce masa: "Malam, wannan in na sa, ba ya fita."