Haƙƙin Hanya Tsakanin Mai Keke Da Mai Mota

Shin hanya ta mai ƙarfi ce? Tsakanin Gaya da Ajingi manomi kan ɗauro buhun gero a bayan keke, direba ya matse shi har ya faɗa rami. Malamai sun warware wannan tun zamanin dawaki. Littafin Risala ya ɗora wa mahayi lamunin abin da dabbarsa ta taka, domin linzami na hannunsa. To, sitiyari ma linzami ne. Kisan kuskure kuwa yana wajabta diyya da kaffarar azumin wata 2 a jere. Shi ma mai keke, idan ya fita da dare ba fitila ba birki, ya ci amanar ransa. Allah Ya kiyashe mu.