Hukuncin Abin Da Aka Kai Wa Mai Inji

Duk wanda ya san tumakin ƙasarmu, Uda da Balami da 'Yanƙasa, irin waɗanda ke kiwo a fadamun Shanga da Ngaski, ya san gashinsu gajere ne, ba ya kaɗuwa; saboda haka abin da matan Yauri suka gada wajen kaɗi auduga ce, su gurje ta, su shiɓe ta, sa'an nan su ɗauki mazari da alli. Sai mutum ya bi kogin Kwara ya haura har Masina ta ƙasar Mali kafin ya tarar da tumaki masu ulu, waɗanda Fulani ke saƙa barguna da gashinsu. A Ingila da Amurka kuwa, mai 'yan tumaki yakan sausaye su, ya aika da gashin ɗanye wurin masu inji, su wanke, su shiɓe, su komo masa da sutu domin a kaɗa da hannu.

To, a nan mas'alar take. Ɗanyen gashin tunkiya cike yake da maiƙo da ƙasa, har yakan rasa sulusin nauyinsa ko rabi wajen wanki, kamar yadda auduga, in an fid da angurya, abin da ke saura bai wuce sulusi da yawa ba. Mai kaya bai halarci aikin ba, ina zai san ko abin da ya ragu dauɗa ce ta tafi, ko hannu ne ya taɓa, ko ma na wani aka ba shi?

Asalin ƙa'ida a fiƙihu ita ce, wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ta'adi. Amma Imamu Malik da almajiransa sun keɓe masu sana'a daga wannan sauƙi, wato irin su masaƙi da marini da maɗinki, suka ɗora musu lamunin abin da suka karɓa suka ɓuya da shi, ko da lada suke aikin ko kyauta, sai in shaidu sun tabbatar da ya halaka ba da laifinsu ba, ko kuwa a gidan mai kayan aka yi aikin. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya kawo hukuncin a cikin Risala, littafin da ba a rasa shi a zauren malami a ƙasar nan, Imamu Shaɗibi kuma ya lissafa hukuncin cikin misalan maslaha.

Wani zai ce, ashe wannan ba munana zato ba ne ga Musulmi, alhali an hore mu da kyautata shi? A ganina ba haka ba ne. Shari'a ba ta tuhumi mutum ɗaya ba. Ta dai duba ta ga cewa jama'a ba su da makawa daga masu sana'a, kuma ilimin abin da ya auku ga kayan yana wurin ɓangare ɗaya kaɗai, sai ta aza nauyin a inda ilimin yake. Da an bar maganar ga rantsuwa kurum, da maha'inci ya sami ƙofa, mai gaskiya kuma ya rasa abin da zai bambanta shi da shi, mutane su riƙa ba da kayansu zukatansu na ɗar-ɗar.

Mas'alar ta shafe mu a nan ma, domin tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungunan da aka zauna kaka da kakanni, aka tashi dubban Gungawa da Kambari zuwa sababbin matsugunai, ma'amala da baƙin fuska ta yawaita. Aikin da dā mace ke yi a tsakar gida, ko maƙwabciya ta yi a gabanta, yanzu yaro ake ɗora wa ya kai injin niƙa ko na gyaran shinkafa a Yelwa ko Wara. Raguwar da aikin kansa ke jawowa ba a biyan ta, al'adar masu sana'ar ce ke ƙayyade ta. Amma haɗa kayan mutum biyu ba da izninsu ba, da riƙe dusa wadda mai ita bai yafe ba, waɗannan haƙƙi ne a wuyan mai inji.

Ina roƙon masu inji su auna kaya a gaban mai shi ko ɗan aikensa, su faɗi abin da aka saba ya ragu tun kafin a zuba. Malamanmu kuma su riƙa karanta wa 'yan kasuwa babin ijara kamar yadda suke karanta musu babin tsarki.