Allurar Ado Da Allurar Lafiya

Akwai wata ɗabi'a tamu da ta kamata mu zauna mu yi wa kanmu tambaya a kanta. A nan Mabera, kamar sauran unguwannin Sakkwato, da wuya a yi sunan ɗiya mace ba a huda mata kunne ba, ko kafin sunan ko jim kaɗan bayansa. Tsohuwa za ta zo da allura da zare, ta murza fatar kunnen, ta soka, jaririya ta tsala ihu, mu kuwa muna dariya muna cewa amarya ta sha ado. Haka budurwar da biki ya matso, wadda ko ganin sirinji ba ta son yi, za ta rufe ido ta cije baki a ƙara mata huda ta biyu da ta uku don ta sa barima. To amma ranar da aka ce a kai jaririyar nan rigakafi, ko mai ciki ta karɓi allura wurin awo, sai ka ji ana cewa, "Wallahi ni tsoron allura nika yi." Shin ba allurar ba ce dai?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san cewa malamai ba su ɗauki hudar kunne abin wasa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, bai ga halaccin huda kunnen yarinya don ado ba, dalilinsa kuwa shi ne rauni ne mai zafi, kuma ba a jawo wa ɗan Adam ciwo sai da buƙata mai ƙarfi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya halatta ga 'ya mace a littafinsa Tuhfatul Maududi, saboda tana da buƙatar ado, kuma matan Sahabbai suna sa 'yan kunne, har ranar wata Idi suka riƙa cirewa suna ba da sadaka a hannun Bilal. Mafi yawan malamai a kan halaccin suke, kuma shi muke bi. Sai dai ki lura, 'yar'uwa: ɓangarorin biyu sun haɗu a kan ma'auni guda, wato a ɗora zafin a gefe, a ɗora amfanin a ɗaya gefen, a ga wanda ya rinjaya. Idan har ado ya isa ya halatta zafin daƙiƙa guda, ina ga tsare rai da lafiya?

Shi tsoro ba laifi ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Halitta ce da Allah ya sa mana don mu guje wa abin da zai cuce mu. Akwai ma waɗanda da sun ga allura ko jini sai bugun zuciyarsu ya sauka, jini ya ragu zuwa kai, su yanke jiki su faɗi, kuma wannan yana samun har ƙarti majiya ƙarfi. Bai dace a yi wa irin wannan baiwar Allah dariya ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa budurwar nan ta iya danne tsoronta a gaban mai huda? Amsar ita ce tana ganin ladar wahalarta da idonta. Ga ɗan kunnen a ajiye, gobe za ta sa, ƙawaye su yaba. Ita kuwa allurar rigakafi, amfaninta shi ne abin da bai faru ba: ƙyandar da ba ta kama yaro ba, sanƙarau ɗin da ya wuce gidan. Babu wanda zai zo yi miki barka don ɗanki bai kamu da mashaƙo ba. Saboda haka zuciya take ganin zafin kawai, ba ta ganin ribar, sai hankali ya tashi tsaye ya tuna mata.

Gaskiya ne kuma ba tsinin allura kaɗai mutanenmu ke gudu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa jita-jita ta samu gindin zama a 2003, har Kano ta dakatar da rigakafin shan inna sai a watan Yulin 2004. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har Indunusiya, yara suka nakasa. Da sarakuna suka shigo cikin lamarin, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na gaba-gaba, aka ci gaba da aikin har a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a nahiyar Afirka. Darasin da ke ciki shi ne, wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya yi tambaya, ya nemi bayani, amma in ya juya baya gaba ɗaya, 'ya'yansa ne ke biyan bashin.

Mu Sakkwatawa mun fi kowa buƙatar jin wannan. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran jiharmu ne suka kammala allura uku ta Penta, wadda ke kare su daga mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau. Mu ne na ƙarshe a Nijeriya a lokacin. Akwai nisan asibiti ga mutanen karkara, akwai rashin izinin maigida, akwai zazzaɓin kwana ɗaya da ke biyo bayan allurar. Amma mu da ke cikin gari, asibitin unguwa na kusa da mu, me za mu ce? Na tabbata cikin yara matan da ba su samu allurar ba, da wuya a sami wadda kunnenta ba a huje yake ba.

Wani abin mamakin kuma, allurar da muka saki jiki da ita ta fi wadda muke tsoro haɗari. Ta asibiti sabuwa ce, a gabanki ake farke ledarta, an yi amfani da ita sau ɗaya an jefar. Ta hudar kunne a gida kuwa, sau da yawa ita ce ta huda 'ya'yan maƙwabta. Ƙwayar ciwon hanta tana iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma goge ta da gefen zani ba ya kashe ta. Ta raunin da bai da tsabta ne kuma cutar sarƙewar haƙora ke shiga. Don haka a huda da sabuwar allura, da hannu wankakke, a kuma tabbata jaririya ta karɓi rigakafin ciwon hanta, wanda aka fi so a yi cikin awa 24 da haihuwa. Wadda a danginsu tabo ke kumbura ya yi tsiro, ta yi tunani sosai kafin ta ƙara huda da girmanta, don irin wannan kumburin ya fi samun waɗanda aka huda bayan sun tasa.

To yaya za a yi da tsoron? Da farko, kada ki ɓoye shi. Ki gaya wa ma'aikaciyar jinya, ki nemi a yi miki a kwance ko a zaune. Kada ki je da yunwa. Ki kau da kai, ki ja numfashi a hankali. In kina cikin masu suma, ki ɗaure tsokar ƙafafunki da hannuwanki na daƙiƙa 10 zuwa 15, ki saki, ki maimaita, wannan yana hana jini sauka. Ga jariri kuwa, ki rungume shi ki ba shi nono lokacin allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara a 2015, don an ga yana rage zafin.

Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, mu daina shuka tsoron da hannunmu. Sau nawa muke ce wa yaro, "Ka yi shiru ko in kira likita ya yi maka allura"? Mun mai da mai magani dodo, sannan gobe mu yi mamakin yaro yana birgima a ƙofar asibiti. Haka kuma kada ki ce masa babu zafi, don in ya ji zafin ya gane an yi masa ƙarya, kuma ba zai sake yarda da ke ba. Ki ce masa akwai zafi kaɗan kamar cizon tururuwa, yanzu zai wuce, ga ni a riƙe da kai. Yaron da aka saba gaya wa gaskiya shi ke tashi da ƙarfin zuciya.

Tausayin uwa abu ne mai kyau, amma ba a auna shi da kukan yau kaɗai. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu, kuma ba su da bakin zaɓar wa kansu. Uwargida, yau ki ɗauko katin rigakafin ɗanki ki duba: ta haihuwa, ta mako 6, ta mako 10, ta mako 14, ta wata 9 da ta wata 15. In akwai wadda ta wuce, ba a makara ba. Ki zauna da maigida cikin ladabi ki nuna masa, ki nemi izini, ki kai yaron. Allah ya raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani, ya sa mu fita haƙƙinsu. Amin.