Zaton Mai Makami da Zaton Mai Baki

Ƴan uwa ɗalibai, duk mun taso muna jin manya na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ina so in auna wannan magana da wani al'amari da ya faru nesa da mu, can tekun Karibiyan, mu ga ko za ta iya ɗaukar nauyinsa.

Ranar 2 ga Satumba 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya ba da sanarwar cewa sojojinsa sun harbe wani ƙaramin jirgin ruwa da ya taso daga Benezuwela, mutum 11 sun mutu. Ya ce ƙwaya suka ɗauko, kuma ƴan ƙungiyar Tren de Aragua ne. Aka nuna ɗan guntun bidiyo: jirgi na gudu bisa ruwa, sai wuta. Daga nan hare-hare suka yi ta biyo baya, a Karibiyan da gabashin tekun Pasifik, har kafin shekarar ta ƙare an kashe fiye da mutum 100. Ba a kai ko ɗayansu gaban alƙali ba. Nan take mutane da yawa, a Amurka da wajenta, suka ce wannan ba maganar ƙwaya ba ce, Nicolás Maduro ake nema, da man fetur ɗin ƙasarsa. To, masu faɗin haka sun yi zunubin zato ke nan?

Ni ilimin harshe nake karantawa, don haka daga kalmomi zan soma. Hausa ta bambanta abubuwa huɗu. Zato cikin zuciya yake. In ya fito baki ya zama zargi. In an kai shi gaban hukuma ya zama tuhuma, kuma nan ne ake ce wa mutum ya kare kansa. Sai a ƙarshe hukunci. Tsani ne mai hawa huɗu, kowane hawa da irin hujjar da yake buƙata. Shekara da shekaru a bisa wannan tsani Amurka ke tafiya: masu gadin gaɓar tekunta su tare jirgi, su bincike, in sun ga hodar iblis su kama mutanen su miƙa wa kotu. Abin da aka yi yanzu tsalle ne daga hawa na farko zuwa na ƙarshe. Kuma kalma ce ta share hanyar tsallen. A watan Fabrairu 2025 gwamnatin Amurka ta sa Tren de Aragua cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci, aka koma kiran masu fataucin ƙwaya ƴan ta'adda. Ɗan fasa-ƙwauri kama shi ake yi, ɗan ta'adda kuwa an saba jin an harbe shi ba a tambaya. Da sunan ya sake, sai kunne ya daina jin kisan a matsayin kisa.

Ke nan zato biyu gare mu cikin wannan labari. Gwamnati na zaton mutanen jirgi, jama'a na zaton gwamnati. Wanda zai ce wa jama'a su bar zato, ya kamata ya fara faɗa wa mai makami.

Amma kar mu yi saurin yanke magana, don ɗaya ɓangaren ma yana da abin faɗa. Ƙwaya na kisa da gaske. A 2022 kaɗai fiye da mutum 100,000 suka mutu a Amurka ta dalilin shan ƙwaya fiye da ƙima. Mu ma nan ba baƙin abin ba ne, kowa ya san wani saurayi a kartiyensu da taramol ya lalata. Uwar da ta binne ɗanta, in ta ga an ƙone jirgin dillalai ta ce madalla, wa zai iya kallon idonta ya yi mata wa'azi? Haka kuma gwamnati na iya cewa tana da bayanan sirri da ba za ta baje a kasuwa ba. Kuma mai yiwuwa ne da yawa cikin jiragen nan ƙwayar ce suka ɗauko.

Sai dai ga abubuwan da suka hana mutane kwantar da hankali. Ƙwayar da ta fi kashe Amurkawa fentanil ce, kuma galibinta ta kan iyakar Meziko take shiga, ta ƙasa, ba daga Benezuwela ba. A watan Oktoba mutum biyu suka tsira daga wani hari. Maimakon a gurfanar da su, sai aka mayar da su ƙasashensu, Kolombiya da Ekwado, kuma Ekwado ta saki nata don ba ta samu hujjar laifi a kansa ba. In ƴan ta'adda ne har sun cancanci mutuwa, don mi ba su cancanci shari'a ba? Daga baya aka gano cewa a harin farko ma akwai mutum biyu da suka rayu suna riƙe da tarkacen jirgi, aka sake harbinsu. Farkon Disamba kuma Trump ya yi afuwa ga Juan Orlando Hernández, tsohon shugaban Honduras, wanda kotun Amurka da kanta ta ɗaure shekara 45 kan fataucin hodar iblis. Ƙaramin dillali a ruwa sai makami, babba a kurkuku sai afuwa. Daga ƙarshe, ranar 3 ga Janairu 2026 sojojin Amurka suka shiga Karakas suka ɗauke Maduro, Trump kuma ya fito yana maganar man Benezuwela ba ɓoye-ɓoye.

Mu ƴan Nijar muna da dalili na musamman na tuna irin wannan. Lokacin da ake shirin yaƙin Iraƙi, an yi ta yaɗa cewa Saddam Husaini ya nemi sayen uraniyum daga ƙasarmu. Wani tsohon jakadan Amurka, Joseph Wilson, ya zo Yamai a 2002 ya bincika, ya koma ya ce da wuya a ce hakan ta faru. A watan Maris 2003 hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta ce takardun da aka dogara da su na jabu ne. Duk da haka aka yi yaƙin. Da sunanmu aka yi ƙarya, wasu suka mutu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya ya ja da baya, ba a ce masa matsoraci.

Ga inda na tsaya. Zaton da manya suka hana shi ne wanda ke cutar da wanda ake zato, ba tare da an ba shi damar magana ba. In talaka ya zaci mai mulki, iyakar abin da mai mulki zai yi asara shi ne ya fito ya yi bayani, kuma dama bayanin bashi ne a kansa. In mai mulki ya zaci mutumin da ke cikin jirgi, mutumin ya tafi ke nan, shi da hujjar da za ta iya wanke shi ko ta kama shi, duk sun nutse tare. Waɗannan biyu ba a auna su da mudu ɗaya.

Amma zaton namu ma yana da iyaka, kuma Hausa ta ba mu kayan aikinsa: ƴar kalmar nan «wai». In na ce wai jirgin ƙwaya ne, na nuna ji na yi, ban gani ba. Ku lura yadda take faɗuwa a hanya. Rediyo ta ce «jirgin da ake zargi», a fada a ce «jirgin masu ƙwaya». Haka ma ta ɗaya gefen: wani ya ce «wai don mai ne», kafin a sauke shayi na biyu ya zama «ai duk masunta ne aka kashe». Wannan ma tsallake tsani ne, bakinmu kawai ba ya harba wuta. Ko da zatonka ya zo ya yi daidai, bai ba ka izinin rantsewa a kan na gaba ba.

Don haka shawarata gare mu ita ce mu riƙe «wai» ɗinmu da kyau, mu liƙa ta a maganar gwamnati, mu liƙa ta a tamu. Mu ci gaba da tambaya: su wane ne mutanen, mi aka samu cikin jirgin, wa ya gani, don mi ba a kama su ba? Wanda ya kashe mutum shi ke da nauyin kawo hujja, ko a Karibiyan ne ko a ƙofar gidanmu. Allah ya sa mu dace.