Fuskar da Babu Mai Ita

Jama'a, akwai wata fuska da ta mamaye wayoyinmu. Ta hau allunan talla a bakin titi, ta shiga katin gayyatar biki, ta bi kalandar da ake rabawa a wajen walima har cikin ɗakunanmu. Fara ce sol, babu ƙurji, babu tabo. Hanci ya miƙe, haɓa ta tsuke, ido ya ƙara girma. Kowa ya san ta, amma babu wanda ya taɓa cin karo da ita a hanya, domin babu mai ita. Ko wadda aka ɗauki hoton nata, in ta wanke fuska ta tsaya gaban madubi, ba ita za ta gani ba. Da wannan fuskar 'ya'yanmu mata suke auna kansu safe da yamma, kuma kullum su ne a ƙasa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake ƙera ta ba, ya leƙa shagon mai hoto a mako mai yawan biki. Zai tarar da yaro zaune gaban kwamfuta, hoton amarya a buɗe. Ya ja wani ɗan layi zuwa dama, fatar ta yi haske. Ya sake ja, ta ƙara. Ya goge ƙurajen goshi ɗaya bayan ɗaya, ya share duhun ƙasan ido, ya matse kumatu, ya rage ƙugu, ya cika inda yake ganin bai cika ba. Wani lokaci ma sai ka ga ƙofar da ke bayan amarya ta lanƙwashe, saboda an ja jikinta an haɗa da bango. Kafin shayinsa ya huce ya gama. In ka tambaye shi dalili, amsarsa a shirye take: "Yallaɓai, in ban gyara ba, ba za su karɓa ba." Gaskiya ya faɗa. Yanzu ma ba sai an je shago ba, filtar da ke cikin Snapchat da TikTok da Instagram tana yin aikin tun kafin a danna, har a bidiyo mai motsi.

Waɗanda suka ƙirƙiro wannan fasaha sun riga mu ganin ɓarnarta. Tun 2006 kamfanin Dove ya fitar da wani gajeren bidiyo da ya nuna yadda ake ɗaukar mace kamar kowa, a yi mata kwalliya, a ƙara mata tsawon wuya da girman ido a kwamfuta, sannan a kafa ta a allon talla. A Faransa, daga watan Oktoba na 2017, doka ta wajabta a rubuta cewa an gyara hoto a kan duk tallar da aka rage ko aka ƙara wa jikin mai talla, wanda ya ƙi kuma tarar Yuro 37,500 na jiransa. Norwe ta kafa irin wannan doka a 2022, ta haɗa har da masu tallata kaya a shafukansu na sada zumunta. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki aka ga binciken da su da kansu suka yi, inda kashi 32 cikin ɗari na 'yan matan da aka tambaya suka ce a lokacin da ba sa jin daɗin jikinsu, Instagram yana ƙara dagula musu zuciya. Masu kayan sun sani, kuma ba su daina ba.

A can, yawanci rama ake bi. A nan hoton ya sauka ne a kan wani tsohon miki namu, wato launin fata, kuma ba waya ce ta fara buɗe shi ba, bakinmu ne. Ku tuna ranar barka. Jaririya tana nannaɗe a zani, ko suna ba a raɗa mata ba, sai wata gwaggo ta karɓe ta ta kama ɗan kunnenta tana dubawa, ta duba gindin farce, ta taɓe baki: "Wannan hasken na haihuwa ne, kunnen ya nuna baƙa za ta yi." Mai jego tana ji. Yayyen jaririyar suna ji. Daga nan yarinya za ta taso ana kiran ƙanwarta "'yar fara" ana yi mata kirari, ita kuma in an yi faɗa a tsakar gida abin da za a fara jifanta da shi shi ne launinta. Mu ne muke cewa farar mace alkyabbar mata, mu ne muke cewa lantarkin gida. Finafinan Indiya da muka shekara da shekaru muna kallo sun ƙara wa abin gishiri, namu na Kannywood kuma suka ɗora, har ya zama da wuya ka ga jarumar da aka bar ta da launin da ta zo da shi. To yarinyar da ta ji wannan tun tana goye, ta girma ta buɗe waya ta ga duk sa'o'inta sun zama farare a hoto, me kuke so ta yi?

Abin da take yi shi ne ta nufi kasuwa. A nan hoton ƙarya yake komawa ciwo na gaske.

Ku je layin masu kayan shafa ku tsaya ku ga yadda ake haɗa mai. Roba ce babba a gaban mai shago. Ya matse tub uku ko huɗu a ciki, ya tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da babu rubutu a jikinta, ya zuba wani gari, ya juya da cokali. Ba awo, ba ranar lalacewa, ba lambar hukuma. Tambayarsa ɗaya ce: "Hajiya, wane irin haske kike so, na sati biyu ko na wata?" Abin da ke cikin irin wannan haɗi sananne ne ga likitoci. Akwai haidurokwinon, wanda yake hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi, alhali wannan sinadarin shi ne garkuwarta daga zafin rana irin tamu. In an daɗe ana shafa shi sai ya juya, ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi wanda da ƙyar yake fita. Akwai sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, maganin da aka yi don cutar fata a shafa na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Shi ne yake sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage hannu da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. In ya ratsa jini yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Akwai kuma zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyin jiki, wadda take iya isa ga ɗan da ke cikin mahaifa da wanda ake shayarwa. Garin neman gira ana rasa ido, kuma ba a ɓoye ake rasa shi ba: muna ganin fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kumatu ja kamar an ƙona.

Ba ƙaramin abu ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu haidurokwinon a 2016. Amma doka ba ta isa ta rufe kasuwar da mu muke kai mata ciniki ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin ya gangaro kan yara. Ana samun uwar da take shafa wa ɗan shekara biyu wannan haɗin, don kada dangin miji su fifita 'ya'yan kishiya. Fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotse abin da aka shafa mata. Wannan zalunci ne, ko da soyayya ce ta kawo shi.

Haka batun ƙiba. Hoto ya ce ƙugu siriri, sauran jiki a cike, sai 'yan mata suka koma ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dekzametason ne ko maganin buɗe ciki. Abin da dekzametason yake kawowa kumburi ne, fuska ta yi zagaye, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi.

Kada wani ya ce ina yaƙi da kwalliya. Iyayenmu sun yi lalle da tozali, sun yi kitso da turaren wuta, amare suna yin dilka da halawa, kuma babu wanda ya ce sun yi laifi. Kwalliya tana fito da abin da mace take da shi, a wanke ta a koma yadda ake. Abin da nake magana a kai shi ne a nuna wa mutane abin da babu, har mai shi ta tsani abin da yake akwai. A kasuwa, in mutum ya zuba hatsi mai kyau a sama ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, algus muke kiransa, kuma kowane ɗalibin Islamiyya ya san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tir da mai yin haka. To hoton da aka aika wa mai neman aure bayan an sauya launi da siffa, mene ne sunansa? Kuma aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Abin da Mahalicci ya kira aya, ba ya kamata a gidan Musulmi ya zama abin gori.

Samari da magidanta, ku ne kasuwar. Kai ne kake cewa a nemo maka fara ko mayya ce. Kai ne kake zaune kusa da matarka kana lallatsa hotunan matan da kwamfuta ta ƙera, kana yaba su a gabanta. Kai ne ake rubuta maka man bilicin cikin kayan lefe ka biya ba ka ce uffan ba, sannan bayan shekara biyar, in fata ta lalace, ka fara ƙyamar abin da kuɗinka ya saya. Ku cire shi daga lefe. Matar da ka aura baƙa ko wankan tarwaɗa, ka faɗa mata da bakinka cewa haka kake son ta, kuma ta ga alamar hakan a aikace.

Iyaye mata da gwaggwanni da surukai, ku kama bakinku a kan launin yara, ko da wasa ne. In 'yarki ta nuna miki hoton wata tana sha'awa, zauna da ita ki nuna mata yadda filta take aiki, ku ɗauki hoto tare da ita da kuma babu ita, ta ga bambancin da idonta. Masu hoto, gyaran haske da share inuwa sana'a ce, amma sauya wa mutum launi da ƙira ba gyara ba ne, ku riƙa ba mutane hotonsu na gaskiya ko da sun nemi ɗayan. Masu shirya fim da masu talla, ku ba baƙar mace matsayin jaruma ba tare da kun watsa mata fitila har ta koma wata ba. Malamai kuma, wannan batu ya cancanci huɗubar Juma'a guda, a faɗe shi ga maza, domin an daɗe ana yi wa mata wa'azinsa su kaɗai.

Ke kuma 'yar'uwa da kika riga kika shiga, ba gori na zo yi miki ba, na san ba ke kika fara ba. Amma ki sani, man da ke ɗauke da sitiroyid, in an daɗe ana shafa shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Fata tana iya yin ja, ta yi zafi da ƙaiƙayi, ta feso da ƙuraje, kuma wannan ne yake mayar da mata da yawa ga robar da suka jefar. Ki ɗauki duk abin da kike shafawa, har wanda babu rubutu a jikinsa, ki kai wa likitan fata a asibiti ya tsara miki yadda za ki janye a hankali. Ki nemi a auna miki jini da suga da lafiyar ƙoda, ki riƙa kare fuskarki daga rana. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa wa ma'aikatan awo abin da kike shafawa tun a zuwan farko. Launinki zai dawo, wataƙila ma ya fi na da duhu na wasu watanni kafin ya daidaita, kuma a watannin nan ne za ki fi bukatar mijinki da mahaifiyarki su tsaya tare da ke, su hana kowa yi miki tambayar me ya same ki.