Haƙƙin baƙo marar lafiya bayan an raba gari

Ƴan uwa ɗalibai, ga wata tambaya da na daɗe ina juyawa a raina: in ƙasa ta fita daga wata tarayya, ɗanta kuma ya kwanta ciwo a ƙasar tsofaffin abokan zama, wa ke da nauyin jinyarsa?

Birtaniya ce ta sa ni wannan tunani. A ranar 23 ga Yuni 2016 mutanenta suka kaɗa ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai, ta kuma fita a 31 ga Janairu 2020. Tun 2004 akwai wani kati a tarayyar, EHIC. Ɗan Ingila da ciwo ya kama a Faransa ko Sifen sai ya nuna katin a asibitin gwamnati, a duba shi kan sharaɗin da ake duba ɗan ƙasa. Abin da ɗan ƙasa ke biya shi ma ya biya, sauran kuma ƙasarsa ta biya daga baya. Da rabuwa ta zo, sai ya zama katin na iya mutuwa a ƙarshen 2020. Mai lafiya da kuɗi zai sayi inshorar tafiya ya wuce abinsa. To mai wankin ƙoda fa, wanda sau uku a mako sai an ɗora shi kan inji? Kamfanonin inshora ba su son tsohon ciwo, in ma sun karɓa kuɗin ya fi ƙarfin talaka. Gare shi mutuwar katin daidai take da hana shi zuwa bikin ɗiyarsa a ƙetare.

Sai a 24 ga Disamba 2020, saura mako guda wa'adi ya cika, ɓangarorin biyu suka daidaita. Birtaniya ta fito da sabon kati, GHIC, mutanen tarayya kuma suka ci gaba da shiga asibitocinta da nasu. Sun rabu a majalisa, sun kafa kwastan tsakaninsu, amma sun bar ƙofar asibiti a buɗe.

Wani zai ce, yo mi ya kawo tausayi a nan? Ai ba ni gishiri in ba ka manda ne, kowace ƙasa lissafi take turo wa ƴar uwarta. Gaskiya ne. Katin ba ya biyan asibitin kuɗi, ba ya biyan jirgin da zai maido marar lafiya gida, kuma ba a ba da shi don mutum ya tashi takanas neman magani. Amma ni ina ganin wannan lissafin shi ne ya tsare mutuncin baƙo. Wanda aka yi wa jinya don tausayi kaɗai yana kwance ne da hannu a miƙe, gobe ana iya cewa an gaji. Wanda aka yi wa bisa alkawari haƙƙinsa ya karɓa, tunda harajinsa ma na jinyar baƙon wasu a gida.

Wani kuma zai ce wanda ya bar gida ya bar tuwon gida. Wanga magana tana da nata nauyi, don tarayyar da mai fita ke cin duk amfaninta ba za ta daɗe ba. Sai dai mu duba wa hukuncin ke faɗa wa. Kusan kashi 48 cikin 100 na masu ƙuri'a a Birtaniya ba su so fita ba, yara kuwa ba a ma tambaye su ba. A wurinmu ko aure ya mutu, ci da sha da maganin yara na nan bisa wuyan uba. Akwai nauyin da saki ba ya saukewa, kuma ina ƙirga jinyar baƙo a cikinsa.

Maganar ba ta yi nesa da mu ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025. Mu ba mu taɓa samun irin wancan kati ba, alhali mutanen Maraɗi na zuwa asibiti Katsina da Kano, ƴan Najeriya kuma na zuwa Galmi. Kowa da aljihunsa, ko na dangi. Mun kuma ga yadda magani ya yi wuya lokacin da aka rufe iyakoki bayan Yuli 2023, har aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024.

Ko kana goyon bayan fita ko ba ka yi, ga abin da nake roƙon mu riƙe: duk ranar da shugabanni suka zauna raba kaya, a fara da maganar marar lafiya kafin ta kwastan da fasfo, a rubuta ta dabam yadda rikicin gobe ba zai shafe ta ba. Turawa sun bar masu wankin ƙoda cikin zulumi har wa'adi ya kusa cika. Bai kamata mu jira namu wa'adin ya matso haka ba.