Sai Ƙafa Ta Kumbura Hannu Zai Buɗe?

A Ingila akwai hanyar ruwa da aka haƙa tsakanin Leeds da Liverpool, mil 127, aka kammala ta a 1816. Mutane kan bi gaɓarta a ƙafa, kwana da kwanaki, 'yan uwa da abokai su biya kuɗi kan kowane mil domin taimakon marasa lafiya.

To, mu tambayi kanmu: don me sai wani ya wahala sannan mu bayar? Ai ciwon majinyaci na nan tun kafin a ɗaga ƙafa. Gaskiyar magana, wahalar da ido bai gani ba, ba ta cika taɓa mu ba. Matafiyin nan aron jikinsa ya ba majinyaci domin mu gani. Yabo nasa ne, kunyar kuwa tamu ce.